Jirgi Gida ne Kafin ya Zama Fagen Fama: Nazarin Fina-finan Jean Rouch na Kogin Isa

A cikin adabin Turai akwai wani reshe wanda ba shi da takwara a rubutun Hausa, wato labarin mutumin da ya rufe ƙofar gidansa na tudu, ya kwashi ƴan komatsansa ya zuba a jirgin ruwa mai tafiya da iska, ya mai da jirgin nan ɗakin kwana da madafa da abin hawa gaba ɗaya. Malamin Faransanci a Keita ko Buza ko Madawa yakan ci karo da guntayen irin wannan labari, ya tsaya gaban ɗaliban da ruwan da suka sani shi ne tafki da korama da rijiyar fadama, yana neman kalmar da zai fassara musu igiyar teku. Sau da yawa a nan darasin yake mutuwa, a ce abin na Turawa ne, a wuce. Wannan nazari yana ganin an yi gaggawar wucewa, domin a cikin ƙasar Nijar kanta an ɗauki fina-finan da suka shafi zaman jirgi, kuma akwai Hausawan da jirgi ne gidansu tun kafin a haifi marubutan nan na Turai.

Ya kamata a fara bai wa littattafan Turawan haƙƙinsu. Joshua Slocum ya bar Boston a 1895 cikin wani tsohon jirgi mai suna Spray, wanda ya sāke ginawa da hannunsa, ya zagaya duniya shi kaɗai, ya dawo Amurka a 1898, littafinsa ya fito a 1900. Bafaranshe Alain Gerbault ya ratsa tekun Atlantika daga Jibralta zuwa New York a 1923 cikin kwana 101. Amma wanda ya fi su tasiri ga masu karatun Faransanci shi ne Bernard Moitessier. A watan Agusta 1968 ya tashi daga Plymouth ta Ingila a jirginsa na ƙarfe mai suna Joshua, cikin gasar zagaya duniya ba tsayawa. Da ya kewayo duniya, hanyar komawa Turai ta buɗe masa, ga kuɗi ga suna suna jira, sai ya harba saƙo da gwafar danƙo cikin wani jirgi a gaɓar Afirka ta Kudu cewa ya fasa komawa, ya ci gaba da tafiya gabas har ya sauka Tahiti a watan Yuni 1969. Littafin da ya ba da wannan labari, La Longue Route, ya fito a 1971.

Akwai sani na gaske a cikin waɗannan littattafai. Mai karatu zai koyi yadda ƙyallen da aka ɗaura wa dogon itace yake kama iska, da yadda nauyin da aka maƙala a ƙasan jirgi yake hana shi kifewa, har ya iya nufar inda iska take fitowa ta hanyar karkata dama da hagu, kamar jaki mai hawan dutse da kaya. Zai ga yadda ake tarar ruwan sama daga jikin ƙyallen domin sha, da yadda ake gane wuri da tsayin rana da taurari. Sai dai kuma zuciyar labarin guda ce: gudun mutane. Jirgin wurin ɓuya ne, teku kuwa daji ne da ba sarki ba haraji ba suruki. Abin mamaki, littafin Moitessier na farko, Vagabond des mers du Sud na 1960, ya fi La Longue Route faɗin gaskiya a kan wannan, domin a cikinsa ne aka ga jiragensa biyu sun farfashe, ɗaya a tsibiran Chagos a 1952, ɗaya a yankin Karibiyan a 1958, dukansu a bakin tudu, kuma aka ga yadda ya zauna shekaru a tsibirin Moris yana aiki cikin mutane kafin ya sami abin gina wani. Wato mai zaman jirgi, komai son kaɗaicinsa, bakin gaɓa ne yake ci da shi, bakin gaɓa ne kuma yake kashe shi. Galibin masu wannan rayuwa ma ba tsallaka teku suke yi ba, bin gaɓa suke yi daga wannan mashiga zuwa waccan, suna sayen abinci, suna gyaran igiya, suna jiran iska ta juya.

Jean Rouch ɗan wannan gida ne ta wajen uba. Mahaifinsa, Jules Rouch, hafsan sojan ruwa ne, yana cikin ayarin da ya tafi ƙarshen kudancin duniya da Charcot a jirgin Pourquoi-Pas? daga 1908 zuwa 1910. Shi kuwa ɗan, injiniyan hanya ne da ya zo Yamai a 1941, inda ya haɗu da Damouré Zika, ɗan gidan masunta, wanda ya buɗe masa ƙofar sanin kogi. Bayan yaƙin duniya, Rouch da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin Isa, wanda Hausawan Nijeriya suke kira Kwara, daga mafarinsa a tsaunukan Gini har inda ya faɗa teku, tafiyar kilomita wajen 4,200, daga 1946 zuwa watan Maris 1947. Ba su ne Turawan farko da suka yi wannan mafarki ba. Mungo Park ya haɗa jirage a Sansanding a 1805, ya sa musu ƙyallen iska, ya raɗa wa abin suna Joliba, ya bi ruwa yana harbin duk wanda ya matso, ya wuce Yawuri, ya halaka a duwatsun Busa a 1806. Bambancin Rouch da Park shi ne Rouch ya yarda ya sauka ya gaisa.

Fim ɗin da ya fito daga wannan tafiya, Au pays des mages noirs na 1947, abin nazari ne ta fuskar yadda ake ɓata aiki. An ɗauke shi da ƴar ƙaramar kyamara wadda ƙafafunta suka salwanta a hanya, dole Rouch ya riƙe ta a hannu, abin da daga baya ya zama tambarinsa. Ya ɗauki farautar dorina da masuntan Sorko suke yi a yankin Ayoru. Kamfanin da ya sayi hotunan a Paris ya yanke su yadda ya ga dama, ya ɗora muryar mai sharhin wasanni, ya kuma juya tsarin al'amarin: wasan da ake yi kafin farauta domin neman izinin iskokin ruwa, sai aka kai shi ƙarshe, ya koma kamar shagalin cin nama. Wanda ya san bori ya san girman wannan ɓarna. Roƙo aka mai da godiya, tsoro aka mai da hauka. Rouch kansa ya yi ta kukan wannan har tsufansa, kuma a 1991 ya sāke yi wa hotunan sharhi da bakinsa. Malamin da yake son nuna wa ɗalibai cewa jerin hotuna magana ce, kuma ana iya yin ƙarya da hoton gaskiya, ba zai sami misalin da ya fi wannan ba.

Bataille sur le grand fleuve, wato "Yaƙi a kan babban kogi", shi ne ramuwar Rouch. An ɗauke shi a 1951 tare da masuntan Ayoru da Firgun da Kutugu, tsawonsa ya ɗan haura rabin sa'a, mai launi ne, kuma shi ne ya cancanci a daɗe a kansa.

Mafi kyawun abin da ke cikinsa ba farautar ba ce, shirinta ne. Ana ganin mutane suna gina babban jirgi, ba da ƙusa ba, da ɗinki: a huda katako, a zura igiya, a ɗaure wannan da wancan, a toshe kafofi. Ana ganin yadda ake haɗa zago, mashin nan mai kunne wanda ake ɗaura masa igiya da wani itace mara nauyi, domin in ya shiga jikin dabba ta nutse, itacen ya taso ya tona inda take. A nan kyamarar Rouch tana da ladabi, tana kallon hannu, ba ta gaggawa. Ɗan Adar da ya taɓa ganin ana ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ko ana ɗaure tankar rumbu, zai gane hikimar nan take: abin da aka ɗinka yana lanƙwasa, abin da aka kafe da ƙusa karyewa yake yi. Injiniya ne yake kallon aikin injiniyoyi, kuma girmamawar tana fitowa ba tare da an faɗe ta ba.

Daga nan sai neman izini wurin Harakoy Dikko, uwar ruwa a wurin Songai, a wannan karo a muhallinsa, kafin a taɓa ruwa. Sai fita. Jiragen suna kutsawa cikin burgu, ciyawar nan da take rufe gefen kogi, ana tura su da gora inda ba zurfi, ana tuƙi inda gora ta kasa. An sami nasara da farko, an kashe ta mace, an kama ɗan dorina da rai. Amma babban namijin da ake nema ya sha zaguna bai faɗi ba, ya farfasa babban jirgin da aka sha wahalar ɗinkawa, ya yi tafiyarsa. Bayan makonni ana bin sawu, masunta suka komo hannu rabbana.

Wannan ƙarshe shi ne darajar fim ɗin. Mai neman kasuwa da ya yanke shi a kan gawar dorinar farko, ya bar ƴan kallo su tashi da murna. Rouch ya bar kunyar a ciki. Fim ne na mutanen da suka yi duk abin da ya kamata, suka roƙi wanda ake roƙo, suka haɗa kayan da ake haɗawa, ruwa kuma ya hana su. Manomin Adar da ya yi shuka uku a damina ɗaya bai buƙatar a fassara masa wannan.

Akwai kuma labarin da ya fi fim ɗin kansa shahara. A 1954 Rouch ya koma Ayoru da injin haska fim, ya kafa farin ƙyalle, ya nuna wa masuntan aikinsu. Ya riga ya ɗora kiɗan farauta a kan hotunan, domin a ganinsa zai ƙara wa abin armashi. Masuntan suka ƙi. Suka ce dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin zuciya, farautar nan shiru ake yin ta. Rouch ya karɓi gyaran, kuma daga nan ya rage ɗora kiɗa a irin waɗannan fina-finai. Masana a Turai sun mai da wannan dare mafarin abin da suke kira nazarin al'ada na haɗin gwiwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa masuntan nan nazarin fim suka yi, irin na ƙwararru, a ganinsu na farko: sun gane cewa sauti yana canza ma'anar hoto, sun kuma gane cewa an ƙara abin da babu. Ba su ce kiɗan ba daɗi ba, cewa suka yi ƙarya ne. A zaman nan ne kuma aka ba Rouch shawarar fina-finai biyu da suka biyo baya, na farautar zaki da baka da kuma Jaguar, labarin samarin da suka tafi cin rani Gwalkwas har suka tsaya a bakin teku.

To, duk da wannan yabo, akwai inda fim ɗin ya gaza, kuma gazawar tana nan tun daga sunansa. Rouch ya zaɓi yaƙi. Muryarsa ce take rufe komai daga farko har ƙarshe, cikin Faransanci mai kama da na maroƙi, tana kirari, tana fassara, tana yanke hukunci. Gaskiya ne cewa kayan aikin 1951 ba su ba da damar ɗaukar magana tare da hoto ba, saboda haka ba za a ɗora masa laifin rashin muryar masunta duka ba. Amma zaɓin abin da za a kalla nasa ne. Fim ne na maza da makami. Jirgi a cikinsa dokin yaƙi ne, ana hawansa a kai hari a komo. Ba a tsaya a kan murhu ba, ba a tsaya a kan mai banda ba, ba a ga inda jariri yake kwana ba, ba a ji cinikin kifi ba. Ta wannan fuska Rouch bai yi nisa da Gerbault da Moitessier ba: su sun ga ruwa wurin gwada kai da kaɗaici, shi ya gan shi wurin gwada kai da dabba. Dukansu jarumtaka suka je nema.

Abin da ya sa wannan gazawa take da ciwo shi ne Rouch ya san ɗaya rayuwar, har ya rubuta ta. A 1950 ya buga maƙala a mujallar Africa mai suna "Les Sorkawa, pêcheurs itinérants du Moyen Niger", a kan Sarkawa, masuntan da asalinsu yake komawa ga Sorko amma suka zama Hausawan ƙasar Kabi, harshensu Hausa. Su ne masu barin gida su bi kogi sama da ƙasa, tafiyar ɗaruruwan kilomita, su yi watanni, su yada zango a tsibiri ko bakin gaɓa, su kama kifi su banda shi su kai kasuwa, in ruwa ya juya su juya. Ga ainihin masu zaman jirgi da bin gaɓa, ga su kuma da Hausa a bakinsu. Jirginsu ba wurin gudun mutane ba ne, da mutanen ake tafiya, kuma wurin mutane ake zuwa. Kalandarsu ta ruwa ce: a Yamai kogin yana cika sau biyu, jan ruwan damina a wajen Agusta da Satumba, sai kuma ruwan Gini wanda yake isowa cikin sanyin hunturu bayan ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali. A can Malin, wajen Mopti da tafkin Debo, har yau matuƙa sukan ɗaga ƙyallen da aka ɗinka da buhuna in iska ta biyo bayansu. Wannan duka fim ne da ba a yi ba. Alƙalamin Rouch ya ga Sarkawa, kyamararsa ta bi dorina.

Kuma lokaci bai jira ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta shanye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, ta tayar da dubban mutane. A watan Yuni 1985, bayan farin 1984, kogin ya tsaya cak a Yamai. Injin ya maye gurbin gora a manyan jirage, ragar leda ta kori ta zare. Madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, an tsara tafkinta zai taɓa yankin Ayoru ɗin nan da aka ɗauki fim ɗin. Dorina kuwa ta zama dabbar da doka take karewa. Abin da ya rage wa idon duniya daga al'adun ruwa na Kabawa shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon duniya a 2016. Biki ne mai kyau, amma sa'a guda ce ta tsalle cikin ruwa da homa da gora, shi ma jarumtaka ce ake nunawa, ba zaman yau da gobe ba.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan Keita da wannan? Da farko dai Rouch a ƙasar nan ya cika: ya rasu ranar 18 ga Fabrairu 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni, a kan hanyar Tawa, yana da shekara 86, aka rufe shi a Yamai. Cibiyar al'adun da ta daɗe tana ɗauke da sunansa a Yamai an mai da ta ta Moustapha Alassane a 2024, abokin aikinsa wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa. Canjin suna ba ya goge fim, kuma ba ya hana a yi masa hisabi. Na biyu, Adar ba ta rabu da ruwa kamar yadda ake zato ba. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, ya gina madatsu ya tare ruwan da dā yake wucewa da ƙasar noma, kuma matan yankin ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. A Tabalak, kan hanyar Agadas, akwai tafki da masunta da kwalekwale da kifin sayarwa. Ga kuma ƴan cin rani: da wuya a sami aji a Keita ko Buza da babu ɗalibin da ubansa ko wansa bai ga teku a Abijan ko Kwatano ko Ikko ba.

Saboda haka malamin da ya sami fim ɗin nan yana da hanyoyi fiye da ɗaya. Yana iya kashe sautin gaba ɗaya, ya bar ɗalibai su kalli ɗinkin jirgin da shirin zago, su rubuta nasu sharhin da Hausa, sa'an nan a kunna muryar Rouch a gwada: me ya gani da ba su gani ba, me ya ƙara da babu shi a hoton? Wannan shi ne aikin da masuntan Ayoru suka yi a 1954. Zai kuma tarar cewa Hausa ba ta da talaucin kalmomin ruwa, mantawa ake yi da su a tudu: abara da kwami da kwalekwale ba abu ɗaya ba ne, haka taru da koma da homa da mamari, haka giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ayu. Ɗalibin da ya tattaro waɗannan daga bakin masunci, in ya koma kan shafin Moitessier, ba zai ƙara karanta shi kamar labarin aljanu ba, zai karanta shi a matsayin labarin wani matuƙi da ya zaɓi ya tafi ba iyali, ya kuma tambaya dalili.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa abin da ya fi kusa da hannunsu shi ne fim ɗin da Rouch bai yi ba. Wayar da take aljihun kowane sakataren ƙungiya ta fi kyamarar 1951 iya ɗaukar hoto, tana kuma ɗaukar murya tare da shi. Masuntan da suke aiki a tafkunan jihar Tawa suna nan, akwai tsofaffi a cikinsu, a Gaya da Dole da Yawuri kuma akwai matan da suka yi ƙuruciyarsu a zangon su, waɗanda suka san yadda ake hura wuta a cikin jirgin katako ba a ƙone shi ba, da yadda ake hana yaro mai rarrafe faɗawa ruwa, da abin da ake yi in haihuwa ko mutuwa ta zo ana tsakiyar tafiya.